Hoton Kaka Gumsu Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, sai ku da kuke bibiyar labarina: ina tsoron kiran Muhsinat idan ya shigo da rana tsaka. Mun saba da saƙo. Ba ta kirana sai bayan la'asar, idan ta kammala aikin gida ta hau matattakalar bene inda ƙannenta ba sa jin muryarta. Saboda haka duk ranar da sunanta ya bayyana a wayata ba a lokacinsa ba, kafin yatsana ya kai ga ɗauka zuciyata ta riga ta jero mini musibu iri-iri. Sau da dama abin ba ya wuce tambayar inda ake gyaran caja. Amma ranar Juma'ar da zan ba ku labari, tsoron nawa ya sami abin da ya daɗe yana nema.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Taufiq, a unguwar Mafoni aka haife ni, ina da difloma a fannin lantarki, sana'ata kuma dasa kyamarorin tsaro a gidaje da shaguna. Wannan sana'a ce ta shigar da ni gidan Ba Gana (Ba shi ne baba da Kanuri) a unguwar Limanti, a can na fara ganin 'yarsa Muhsinat, ranar da ta kawo mini ruwa ina saman tsani ta ce in sauko in sha, domin idan na faɗo ba za ta tsaya shaida ba. Maganarmu ta kai kunnen mahaifinta. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a jira wansa, Alhaji Babakura, ya dawo daga jinyar ƙafa da yake yi a Masar, domin a gidansu ƙani ba ya bayar da 'ya alhali wansa yana raye. Ke nan makomata tana hannun mutumin da ban taɓa gani ba sai a hoton da aka rataye a falo.

An sallame sallar Juma'a, ina cikin turmutsutsin neman takalmi, wayar ta yi ƙara.

"Taufiq, Kaka ba ta gidan."

"Wace Kaka?"

"Kaka nawa gare ni? Kaka Gumsu! Mun duba ɗaki, mun duba banɗaki, mun duba har bayan tankin ruwa. Maza duk suna masallaci, mu muna kicin. Ƙaramar ƙofa a buɗe muka same ta."

"Kun duba na'urar kyamarorin?"

"Babana ya dawo, ya kunna, ta ƙi komawa baya. Don Allah ka zo. Ka zo yanzu."

Kaka Gumsu ita ce mahaifiyar Ba Gana da Alhaji Babakura. Tun da ambaliya ta rushe gidanta na Gamboru aka dawo da ita Limanti, tun daga lokacin kuma tunaninta ya soma kwancewa. Kowace safiya takan ninke tufafinta ta ce za ta koma gida kafin maigidanta ya dawo daga kasuwa, mutumin da ya rasu tun Muhsinat ba ta yi wayo ba. Tana da ciwon suga. Ni kuwa "mijina mai tsani" take kirana, kuma duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ina lefenta.

Na tare keke ban tsaya ciniki ba. Zafin ranar irin wanda ke sa kwalta ta yi laushi ne, iskar da ke shigowa keken ma kamar daga bakin tanda. Saƙonnin Muhsinat suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ta ci abincin rana ba."

"Ba ta sha maganinta ba."

Na rubuta mata: "In sha Allahu ba ta yi nisa ba." Na goge. Na sake rubutawa na aika.

Sai na uku ya shigo: "Takalmanta suna nan a ƙofar ɗaki."

Na dubi titi, na dubi yashin gefensa da yake ƙyalli, na ji tafin ƙafata ya yi zafi a cikin takalmi.

A ƙofar gidan na tarar da maƙwabta tsaitsaye. Samarin unguwa sun riga sun zaga lunguna sun dawo hannu rabbana. Wani ya ce ya ga wata tsohuwa ta nufi babban titi, wani ya rantse ta gangara ta hanyar Gamboru, wata mai ƙosai ta ce ita dai ta ga keke ya tsaya amma ba ta lura da wanda ya hau ba. Ba Gana yana tsaye a zaure cikin babbar rigarsa ta Juma'a, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kansa babu hula ba. Na durƙusa zan gaishe shi, ya kama hannuna ya ɗaga ni.

"Bar gaisuwa, tada, ɗana. Shiga ka sa abin nan ya yi magana."

Falon yana nan yadda na san shi: jar darduma daga bango zuwa bango, matasai a jingine, kabad ɗin gilashi cike da tangaran da kwalaben humra na Hajja Aminat, mahaifiyar Muhsinat. A hawa na biyu na kabad ɗin na ajiye na'urar naɗar hoto ranar da na dasa ta. Yanzu ban gan ta ba sai da na lura da kyau. An lulluɓe ta da farin ƙyalle mai surfani, an ɗora kwalbar turare a kai, kaskon turaren wuta kuma yana ƙasa daidai saitinta, inda yake zama safe da yamma.

Na yaye ƙyallen na taɓa murfin, na janye hannuna da sauri. Na haska ramin ƙaramar fankar da ke sanyaya ta da fitilar wayata. Ba ta juyawa. Hayaƙin turare ya taru a jikinta ya zama danƙo mai ruwan ƙasa, ya riƙe fukafukanta ƙam.

"Ƙarfe baƙi haka tsirara a falon mutane?" in ji Hajja Aminat daga bayana. "Ai shi ya sa na rufe. Ni na ɓata ta?"

"A'a, Hajja. Zafi ne kawai ya yi mata yawa. A taimaka mini da fankar tsaye."

Bari in yi muku bayani a taƙaice, domin ku fahimci abin da ya tsorata ni. A cikin irin wannan na'ura akwai abubuwa biyu da komai ya rataya a kansu. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda take karɓar hoton kowace kyamara ta matse shi, ta kuma aika wa duk wanda ya buɗe ta waya. Akwai faifan ajiya, wanda hannu ɗaya tak gare shi: da shi yake rubuta abin da ke faruwa yanzu, da shi kuma yake lalubo abin da ya wuce. Idan ƙwaƙwalwar ta yi zafi sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Idan aka yi wa faifan yawa sai hannun nan ya riƙa kai da komo har ya gaji. Faifan da ya gaji kuwa ba ya sallama. Yakan mutu da duk abin da ke cikinsa.

Na kama linzamin na'urar, wato maus, na motsa, kibiyar da ke kan allo ta ɗauki lokaci kafin ta bi hannuna. Da ƙyar na buɗe shafin da ke nuna waɗanda suka shigo ta waya. A nan na ga abin da ban zata ba. Sunaye ne reras har ƙasan allo.

Bayan ambaliya, Ba Gana ya raba lambar sirrin na'urar ga dangi, domin 'ya'ya da jikoki na nesa su riƙa leƙo Kaka tana zaune a gindin darbejiya tana jan carbi. Zumunci ne, babu mai cewa laifi ne. Amma yau da labari ya faɗa zauren dangi na waya, kowa ya buɗe a lokaci guda. Na Kano, na Abuja, na Damaturu, har da na Njamena. Kowa yana ja baya da yatsansa yana neman inda ta fita, kowa yana ganin taimako yake yi. Faifai ɗaya, hannu ɗaya, dangi gaba ɗaya suna fizgarsa.

"Ba," na ce, "sai an roƙi mutane su fita daga manhajar. Duka. Na ɗan lokaci."

"Su fita? Ai nema suke taya mu."

"Neman ne yake hana ta nuna mana."

Ya dube ni kamar bai gane ba. Hajja Aminat ce ta karɓe wayar daga hannun Muhsinat, ta danna, ta zuba saƙon murya da Kanuri. Ban kama komai da komai ba, amma na ji ta ambaci sunaye, na ji ta ce wanda bai rufe ba ita da shi ne har gaban Allah.

Ni kuma na shiga rage wa na'urar kaya. Na tsayar da naɗar kyamarar kicin, da ta bayan gida, da ta wurin ajiye mota. Na sauke ingancin sauran zuwa mafi ƙanƙanta. Na cire murfin na juyo mata fankar tsaye. Duk abin da na danna sai na yi bisimilla, domin a irin wannan hali dannawa ɗaya ta kuskure tana iya sa ta kashe kanta ta sake tashi, ni kuma ba ni da tabbacin faifan zai tashi tare da ita.

Muhsinat tana tsaye a bakin labule cikin lafaya ruwan toka da ta yafa a karkace, hannunta duk garin tuwo. A gaban mahaifinta ba za ta yi mini magana ba. Wayata ta yi motsi a aljihu.





"Ni na bar ta ita kaɗai. Na ce bari in duba miya."

Na ɗaga kai na dube ta sau ɗaya, na mayar da idona kan allo.

Sunayen suka soma ɓacewa. Na Damaturu ya fita. Na Kano suka bi. Kibiyar ta ɗan sami sauƙi. Na zaɓi kyamarar ƙofar gida, na ja lokaci zuwa sa'ar da maza suka tafi masallaci, na danna.

Hoton ya zo a guntule, yana tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi. Ga tsakar gida babu kowa. Ga kaza ta gitta. Sai ga ta. Kaka Gumsu cikin koriyar lafayarta ta zuwa biki, ƙunshin kaya a hammata, ƙafa babu takalmi. Tana tafiya da natsuwar wanda ya san inda ya nufa. Ta tsaya a ƙaramar ƙofa ta gyara mayafinta, ta ɗaga sakata da hannu biyu.

"Ya," in ji Ba Gana a hankali, yadda yake kiran mahaifiyarsa da Kanuri, kamar za ta ji shi ta juyo.

Ƙofa ta buɗe. Ta fitar da ƙafa ɗaya. A gefen hoton, ta ɓangaren titi, hancin wani keke ya shigo yana rage gudu.

Sai hoton ya tsaya.

Na jira. Bai motsa ba. Daga cikin na'urar na ji ƙarar da duk mai sana'ata yake roƙon Allah kada ya ji: ƙyas. Shiru. Ƙyas.

"Mene ne wannan?" in ji Hajja Aminat.

"Faifan ne, Hajja."

"Ta hau keken ko ba ta hau ba? Matsar da shi gaba mana!"

Idan ta hau, lambar keken tana rubuce a jikinsa, kuma kyamarar nan na saita ta yadda za ta kama lamba. Da lamba, shugabannin masu keke za su nemo direban kafin la'asar. Idan ba ta hau ba, za mu ga ɓangaren da ta juya. Amsar tana nan a cikin ɗan abin da ya rage, ƙiftawar ido kaɗan, a kan faifan da yake kuka.

Na koma shafin sunaye. Saura ɗaya. Ya buɗe kyamarorin gidan gaba ɗaya a mafi girman inganci, yana kuma ja baya da kansa, ya saki, ya sake ja. Shi kaɗai nauyinsa ya kai na mutum goma. Na karanta sunan a zuci.

Ba Gana ya sunkuyo ya karanta. Ya miƙe a hankali.

"Yaya ne."

"Ba, ko za a kira shi?"

Ya daɗe yana duban wayarsa kafin ya danna. Ya sa ta a amsa-kuwwa ya riƙe da hannu biyu, kamar mai miƙa wa babba ruwa. Muryar da ta fito ba irin wadda na zata ba ce. Na yi tsammanin tsawa. Muryar tsoho ce da ya sha kuka.

"Gana, an gan ta?"

"Tukuna, Yaya. Yaron da ya dasa na'urar yana nan. Ya ce wai... ya ce ko za ka ɗan rufe naka, don ta samu ta nuna."

"In rufe?" Na ji ƙarar wani abu na asibiti a bayansa. "Gana, ina kwance an ɗaure mini ƙafa da ƙarfe. Ba zan iya zuwa ko bakin ƙofar ɗakin nan ba. Uwata tana yawo a rana babu takalmi. Abin da ya rage mini a duniya shi ne ƙofar nan da nake kallo, ko Allah zai sa in ga ta shigo. Ita ce za ku rufe mini?"

"A'a, Yaya."

"Kuma yaron wajena ya gaya mini, irin waɗannan na'urori idan aka taɓa su suna cikin aiki komai gogewa yake yi. Kada wanda ya cire komai. A nemo babban injiniya."

"To, Yaya."

To, Yaya. Jama'a, da kunnena na ji. Ba Gana, mutumin da 'yan kasuwar Gamboru suke miƙewa idan ya shigo, ya sunkuyar da kai ya ce to. Ban zarge shi ba. Haka aka tashe shi, haka ni ma aka tashe ni. Hajja Aminat ta juya ta fuskanci bango.

Ƙyas.

A bayan na'urar akwai shuɗiyar igiya guda, ita ce take haɗa ta da intanet. Idan na zare ta, babu abin da zai goge. Wannan na sani kamar yadda na san sunana. Abin da ban sani ba shi ne ko faifan zai kai labari bayan an sauke masa nauyin, ko kuwa ya riga ya yi nisa. Idan na zare ya nuna, na rufe wa dattijo ido a ranar da ya fi bukatarsa. Idan na zare ya mutu, har abada a gidan nan za a ce yaron Mafoni ne ya taɓa, bayan an hana shi. Idan kuma na bari, mutuwar faifan ba ta da makawa, sai dai babu mai ɗora mini.

Wayata ta motsa. Muhsinat ce.

"Cire kawai. Ka ce netwok ne ya ɗauke."

Na dubi saƙon. Gaskiya ne, zai wuce. Netwok yana ɗaukewa kullum a garin nan, babu wanda zai yi mamaki. Wani ya sake shigowa.

"Taufiq don girman Allah. Babu wanda zai sani."

Ba Gana yana tsaye a kaina. Zai ga hannuna. Zai zama na sa shi ya zaɓa tsakanin ya tona ni ko ya yi wa wansa ƙarya, alhali bai taɓa yi ba. Dattijon can kuma zai kwana yana danna waya yana zagin kamfanin sadarwa, yana zaton ƙaddara ce ta rufe masa ƙofa. Wata rana kuma zan durƙusa a gabansa in nemi auren 'yar ƙaninsa da wannan a cikina.

Kiran bai yanke ba. Ina jin numfashin Alhaji Babakura.

"Waye yaron ma?" in ji shi. "Shi ne na Mafonin da ka yi mini maganarsa?"

"Shi ne, Yaya."

"To. Ya ji abin da na ce ai."

Ƙyas. Ƙyas. Wannan karon sau biyu a jere, tazarar ta ragu.

A allo Kaka Gumsu tana nan yadda take, ƙafa ɗaya a cikin gida, ɗaya a kan yashi. Na tuna zafin yashin nan. Na miƙa hannu na hagu bayan na'urar har yatsuna suka sami igiyar, na dama kuma na miƙa wa Ba Gana.

"Ba, a ba ni wayar."

Ya dube ni, ya dubi hannun da ke bayan na'urar. Ya sa mini ita a tafi.

Na gyara durƙusona kamar dattijon yana gabana.

"Alhaji, wushe, sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Sunana Taufiq, ni na dasa na'urar nan. Na ji umarninka, kuma ban isa in yi jayayya da kai ba. Amma faifan yana gab da mutuwa, hoton Kaka yana ciki, nauyin da ya rage a kansa kuma naka ne. Ba zan ce maka netwok ne ya ɗauke ba. Ba Gana bai sa ni ba, Hajja ba ta sa ni ba, Muhsinat ba ta da hannu. Zan bar kiran nan a buɗe, duk abin da na gani a allo zan faɗa maka da bakina kafin kowa ya ji. Idan abin ya ɓaci, ni kaɗai za ka riƙe."

"Kai, yaro..."

"Ka gafarce ni, Alhaji. Zan zare igiyar yanzu."